Jiran dutse ɗaya a majong na Japan: wanne zan riƙe, yaushe zan yi rici?

"Assalamu alaikum Malam. Na kai wata bakwai ina buga majong na Japan a waya, a Mahjong Soul. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jiran dutse ɗaya, wanda suke kira tanki. Shekaranjiya na haɗa tagwaye shida, saura ɗaya, ina riƙe da 5 na pin da Yamma. Na duba ƙasa ban ga 5 ko ɗaya ba, Yamma kuwa an riga an yar da guda, sai na riƙe 5 na yi rici. Har aka gama bai fito ba, Yamma kuwa biyu suka fito a gabana. Wani lokacin kuma in na canza jira, wanda na yar shi ke fitowa. Shin akwai ƙa'idar zaɓe ko sa'a ce kawai? Yaushe zan yi rici, yaushe zan yi shiru?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya: wane dutse ya kamata ka riƙe idan hannunka ya rage saura guda, yaushe za ka kulle hannun da rici, wato ka sanar cewa saura dutse ɗaya ka ci, ka ajiye sandar maki 1,000, ba kuma za ka sake canza hannun ba, sannan me ya sa dutsen da ka saki yake zama kamar shi kowa ke jira ya yar. Na farko yana da ƙa'ida sosai. Na biyu ma yana da ita, sai dai tana lanƙwasa gwargwadon yadda teburi yake. Na uku kuwa rabinsa lissafi ne, rabinsa zuciya ce ke yi maka wasa, za mu zo kansa.

Bari in fara da sunan, don na san duk Bahaushen da ya ji "tanki", tankin ruwa zai fara faɗo masa a rai. A Japananci kalmar tana nufin mahayi guda, barde shi kaɗai a kan dokinsa ba rakiya. Cikakken hannu duwatsu 14 ne: ƙungiya huɗu masu uku-uku, da tagwaye guda da ake kira kai. Idan ƙungiyoyin huɗu sun kammala, kan ne bai samu ba, to dutse ɗaya ke tsaye yana jiran ɗan'uwansa. Haka kuma hannun tagwaye bakwai, citoitsu, irin wanda ka haɗa shekaranjiya: duk sanda ya kai tempai, wato saura dutse ɗaya a ci, a kan tanki yake kaiwa, ba shi da wata hanya.

Duwatsun wasan 136 ne, iri 34, kowane iri huɗu: launi uku na lambobi 1 zuwa 9, masu suna man, pin da so, sai duwatsun rubutu, wato iskoki huɗu (Gabas, Kudu, Yamma, Arewa) da dodanni uku (Fari, Kore, Ja). Tunda ɗaya yana hannunka, iyakar abin da kake jira uku ne. Mai jiran baki biyu, riyanmen, kamar wanda ke riƙe da 3 da 4 yana jiran 2 ko 5, takwas yake jira. Mai jiran tsakiya ko na gefe, huɗu. In ƙidaya za a bi, tanki ne kurar baya. Amma yana da abin da sauran ba su da shi, kai ne ke zaɓar dutsen. Mai riƙe da 4 da 6 dole 5 zai jira, ko yana so ko ba ya so. Mai tanki kuwa, duk dutsen da ya ɗauko zai iya mai da shi abin jira. Dabarar tanki gaba ɗaya a cikin wannan zaɓin take, kuma a nan ne lissafinka ya kauce.

Inda uku ta gaza biyu

Ka ce ba ka ga 5 na pin a ƙasa ba, saboda haka uku suka rage, Yamma kuwa biyu. Ƙidayar daidai ce, amma ta tsaya a rabin hanya. Dutsen da ba ka gani ba yana ɗaya daga wuri uku: a ganuwar da ake ɗauka, a duwatsu 14 na matacciyar ganuwa da ake warewa, ko a hannun mutum ukun da kuke wasa tare. Na ganuwa ne kawai za ka iya ɗaukowa da kanka. Na hannun mutane sai sun ga dama sun sake shi.

To wa zai saki 5? Yana shiga jerin 345, da 456, da 567, yana zama tagwaye, yana zama 'yan uku. Duk wanda ya ɗauko shi zai sami inda zai cusa shi. Rashin ganinsa a ƙasa bayan an yi ɗauka bakwai ko takwas ba alama ce ta yana kwance a ganuwa ba, sau da yawa alama ce ta ya riga ya sami gida a hannun wani. Ƙari a kan haka, a teburin da kake wasa akwai jan 5 a kowane launi, wanda dora ne da kansa, wato dutse mai ƙara maki. In ba shi ne a hannunka ba, ɗaya daga cikin ukun da kake ƙirgawa dutse ne da ba mai yarwa sai dole. Sannan ka yi rici, ka sanar da kowa cewa ka shirya. Daga wannan lokacin 5 ɗin da ba shi da wata alamar aminci shi ne dutsen da ake gudun yarwa fiye da kowanne. Ko wanda ba ya buƙatarsa zai rungume shi har a tashi.

Yamma fa? Ba ya shiga jeri. Sai dai ya zama tagwaye ko 'yan uku, kuma da aka yar da guda ba wanda ya kira shi, wato ya ɗauke shi don cika ƙungiya, ka sami alamar cewa da wuya a ce wani na riƙe da biyu yana nemansa. Wanda ya ɗauko shi zai yar, wanda ke ajiye da shi don kariya zai fito da shi da zarar ka yi rici, domin a idonsa shi ne dutse mafi sauƙin haɗari. Wato ricinka yana korar 5, yana kiran Yamma. Biyun da kowa ke son rabuwa da su sun fi ukun da kowa ke riƙewa. Mutum huɗu ke ɗauka a teburi, kai ɗaya ne a cikinsu; idan ka zaɓi dutsen da kowa zai yar, ɗaukar mutum huɗu ke yi maka aiki, idan ka zaɓi na tsakiya, taka kaɗai ta rage.

'Yan wasan Japan suna da tsohuwar magana a kan wannan, suna cewa mai tanki ya jira a Yamma. Dalilin a bayyane yake. A wasan da aka saba, zagayen Gabas da na Kudu ake yi, saboda haka Yamma da Arewa galibi ba sa zama iskar zagaye. Mutum ɗaya tak suke yi wa amfani, wanda ke zaune a wannan kujerar. In kuwa kai ne ke zaune a Yamma, to ka ci riba biyu, don sauran ukun ba wanda zai sami yaku da shi, wato tsarin da ke ba hannu damar ci da maki. Arewa ma haka take, sunan Yamma ne dai ya shiga karin magana.

Wanne ya fi wanne

A aikina na teburi, dutsen rubutu, iska ko dodo, wanda aka yar da guda ɗaya shi nake sa wa a gaba. Biyu sun rage, kuma mutane suna ganinsa da sauƙi. Bayansa sai iskar da ba ta yi wa kowa amfani ba ko ta mutum ɗaya, wadda ba a yar da ko ɗaya ba, muddin wasan bai yi nisa ba. A ɗauka ta huɗu ko ta biyar, rashin ganin Arewa a ƙasa ba wani abin damuwa ba ne, ba a kai gare ta ba ne kawai. A ɗauka ta goma sha biyu kuwa labari ya sha bamban. Dutsen rubutu da ya kai wannan lokacin ba a ga ko ɗaya ba, musamman Fari, Kore ko Ja da ke ba kowa yaku, akwai wanda ya tara shi. Na taɓa yin rici a kan Ja a ɗauka ta goma sha ɗaya ina murna uku suka rage. Aka tashi ba wanda ya ci, na hannun damana ya buɗe hannunsa don nuna tempai, sai ga Ja uku a jere. Jiran gawon shanu na yi tun daga farko, da sandar maki 1,000 a kan teburi.

Akwai wanda ake kira jigoku, jiran jahannama: an yar da biyu, ɗaya na hannunka, ɗaya tak ya rage a duniya. Sunan yana da ban tsoro, amma jiran bai kai sunansa muni ba. Duk wanda ya ɗauko wannan dutsen zai ga uku ke nan a idonsa, ba abin da zai yi da shi, kuma yana ganin babu abin da ya fi shi aminci. Da wuya ya kwana a hannu. Matsalarsa ɗaya ce, idan yana cikin matacciyar ganuwa ko can ƙarshen ganuwa, shi ke nan. Ba na zaɓarsa a kan wanda biyu suka rage, amma ina zaɓarsa a kan dutsen tsakiya idan teburin ya riga ya tsorata, kowa na neman mafaka.

Sai duwatsun lamba na gefe, 1 da 9, kuma a nan ne maganar suji ke shigowa, wato dangantakar lambobin da ke da tazarar uku, kamar 1, 4 da 7. Dokar furiten ta hana mutum cin dutsen wani idan ɗaya daga abin da yake jira yana cikin abin da shi kansa ya yar. Saboda haka idan ka yar da 4, ba za ka iya cin kowa da riyanmen na 1 da 4 ba, ko na 4 da 7. Masu kare kansu sun san wannan, shi ya sa suke ɗaukar 1 da 7 a matsayin masu sauƙi. Na 7 yana da sauran haɗari, don mai 8 da 9 ko mai 6 da 8 zai iya jiransa. Amma 1 ba ya shiga jiran tsakiya, ba ya shiga na gefe. Bayan riyanmen, tanki ko jiran tagwaye biyu kaɗai ke kama shi. Wannan ya sa 1 bayan 4, da 9 bayan 6, suke fita da sauri kusan kamar dutsen rubutu. Idan ka duba koginka, wato layin duwatsun da ka yar, ka ga 6 na so tun farkon wasa, sai kuma ka ɗauko 9 na so, to ka sami tarko mai kyau da duwatsu uku a bayansa. Tarkon ya fi kamawa idan 6 ɗin ya daɗe a ƙasa. In shi ne dutsen da ka kwantar ka yi rici da shi, waɗanda suka goge za su yi shakka.

Haka nan idan 8 na wani launi duka huɗu sun bayyana, 9 na wannan launin ya zama maraya, ba jerin da zai shiga. Ka ɗauke shi tamkar dutsen rubutu. Kuma ka riƙa kallon abin da mutane suka yar da wuri. Wanda ya yar da 2 na man a ɗaukarsa ta biyu, da wuya yana riƙe da 1 ko 3 na man, don da yana da su da bai rabu da 2 ba. In mutum biyu suka yi haka, akwai kyakkyawan zaton 1 na man yana kwance a ganuwa. Zato ne, yana kuskure, amma ya fi ƙidayar ido rufe.

Duwatsun 2 da 8 masu suji suna biye. Daga 3 zuwa 7 marasa suji su ne na ƙarshe, sai in dora ne.

Abu ɗaya da ke kayar da masu koyo a nan: kafin ka koma kan sabon dutse, ka duba koginka. Mai citoitsu yana yar da duwatsu iri-iri, kuma abu ne mai sauƙi ka ɗauko Kudu, ka ji daɗi, ka yi rici, alhali ka yar da Kudu a ɗaukarka ta farko. Ka shiga furiten, sai dai ka ɗauko da kanka, kuma biyu kacal suka rage. Manhajar tana nuna maka alama kafin ka saki dutse, ka saba da dubawa.

Rici ko shiru

Rici yana ba ka han ɗaya, wato matakin darajar hannu, da damar ippatsu, wato ƙarin han in ka ci kafin yarwarka ta gaba, da dorar ƙasa da ake buɗewa idan mai rici ya ci. Abin da yake karɓa a hannunka, ban da sandar 1,000, shi ne ainihin abin da ya sa tanki ke da daraja, wato damar canzawa. Don haka tambayar da nake yi wa kaina ita ce: dutsen da ke hannuna yanzu, akwai wanda ya fi shi da zan iya samu nan kusa? In babu, rici. In akwai da yawa, in dakata kaɗan.

Ɗauki citoitsu. In ba kai ne oya ba, wato mai rabon da ke zaune a Gabas, cin shiru maki 1,600 ne. Da rici ya zama 3,200. Kuma dorar ƙasa a wannan hannun ba ta zuwa ɗaya, in ta faɗo biyu take faɗowa tunda komai tagwaye ne, sai ka ga 3,200 ta koma 8,000. Wannan tazarar ta yi yawa da za a bar ta. Idan na kai tempai a kan dutsen rubutu mai kyau ko 9 mai suji, ba na jinkiri ko na ɗauka ɗaya. Idan na kai a kan 5 ko 6, kuma wasan bai wuce ɗauka ta takwas ba, sai in yi shiru. Citoitsu yaku ne da kansa, in dutsen ya fito zan ci, in kuma na ɗauko mafi kyau in koma kansa in yi rici. Kusan kowane dutsen rubutu ko na gefe ya fi 5, saboda haka jiran ba ya daɗewa. Abin da ba na yi shi ne in yi ta canzawa ina neman cikakken dutse har ɗauka ta goma sha huɗu. Bayan rabo duwatsu 70 ne ake ɗauka, kowa yana samun 17 ko 18. Mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne, amma a nan itacen ƙidayayye ne. Ɗauka biyu ko uku, in ban sami na ɗaya ba in karɓi na biyu.

In dora ce dutsen da ke tsaye fa? A ce kana da tagwaye shida, da dora guda, da Yamma. Jiran Yamma da rici 3,200 ne kafin dorar ƙasa. Jiran dora da rici 8,000 ne in wani ya yar, 12,000 in ka ɗauko da kanka. Ko shiru ka yi, 6,400 ne. Ba mai yar maka da dora cikin sauƙi, amma ladan ya ninka fiye da biyu, sannan in ka zaɓi Yamma dole kai ka yar da dorar, wani ya kira ta ko ya ci ka da ita. Galibi dora nake riƙewa. Inda nake sauka daga wannan shi ne rabon ƙarshe, idan ina gaba kuma kowane irin ci ya ishe ni in rufe wasa. A nan Yamma, kuma shiru.

Hannu mai ƙungiya huɗu lissafinsa daban ne, domin shi ba dutse kawai yake canzawa ba, yana iya fita daga tanki ɗungurungum. Misali kana da 123 na man, 456 na pin, 345 da 789 na so, da dutse ɗaya a tsaye. In ka ɗauko 3 ko 7 na pin, ka sami huɗu a jere, kamar 3456, wanda ke jiran 3 da 6. Ana kiransa nobetan, tanki biyu ne a haɗe, duwatsu shida. In ka ɗauko 4 ko 6 na pin, kamar 4566, to 66 ya zama kai, 45 na jiran 3 da 6, duwatsu shida, kuma pinfu, yakun hannun jeri zalla mai jiran baki biyu, ya shigo. Mafi daɗi shi ne 6 na so: 3456789, yana jiran 3 da 6 da 9, duwatsu tara, ya ma fi riyanmen. In ka tattara duka, da 1 da 4 na man, da 2, 3, 5 da 9 na so, za ka sami duwatsu 38 da ke gyara wannan hannun in ba a yar da su ba, kusan ɗaya cikin uku na abin da ba ka gani. Yin rici a kan 5 na man da irin wannan hannun a ɗauka ta biyar gaggawa ce. Ka dakata, amma ka sani hannun ba shi da yaku a haka, in wani ya yar da dutsenka ba za ka iya ci ba, sai in kai ka ɗauko. Shi ya sa dakatawar ba ta wuce ɗauka biyu zuwa uku. In kuwa dutsen da ke tsaye Arewa ce da aka yar da guda, ni rici nake yi nan take, don wannan jiran ba ya jin kunyar nobetan.

A nan ma furiten na laɓe. In ka taɓa yar da 2 na so, sai ka koma 2345, to ba 2 kaɗai aka hana ka ba, har 5 ɗin. Dokar jiran gaba ɗaya take kamawa.

Ta fuskar maki, tanki yana ba da fu 2, wato ƙananan makin da ake haɗawa da han wajen lissafi, kuma waɗannan biyun sukan ɗaga hannun da ba a kira ba daga fu 30 zuwa 40, tunda sama ake cikewa. Han ɗaya ya zama 1,300 maimakon 1,000, han uku 5,200 maimakon 3,900. Amma yana kashe pinfu, har a nobetan, kuma han ɗaya ya fi fu goma. Ka sa wannan a rai a rabon ƙarshe idan tazarar da ke tsakaninka da na gabanka 'yar kaɗan ce. Ka kuma saba da gane tankin da ya jingina da 'yan uku. 2223 ba 3 kaɗai yake jira ba, har 1 da 4, duwatsu 11. 2224 yana jiran 3 da 4, bakwai. Na sha ganin masu koyo sun yar da irin wannan dutsen sun riƙe iska saboda an ce musu iska ta fi.

Tanki a matsayin garkuwa

Wannan ɓangaren ba ka tambaya ba, amma shi ne ya fi kawo mini maki a tsawon lokaci. Idan wani ya yi rici kana tempai a kan tanki ba ka kulle ba, kowace ɗauka kana da duwatsu biyu a gabanka, kuma duk wanda ka yar kana nan a tempai. Ka ɗauko mai haɗari, ka riƙe shi ya zama jiranka, ka yar da mai aminci. Mai riyanmen ba shi da wannan gatan, ko ya tura ko ya rushe. Da haka za ka iya kaiwa ƙarshen rabo ba ka biya kowa ba, ka kuma shiga rabon maki 3,000 da marasa tempai ke biya: in kai kaɗai ne ka kwashe duka, in ku biyu ne 1,500 kowa, in ku uku ne 1,000 kowa. Ko da dutsen da ka riƙe ya sa ka furiten, tempai ɗinka yana nan a lissafin ƙarshe.

Akwai kuma wata dabara da ke tafiya da wannan. Dutsen da mai rici ya yar da kansa, gembutsu, shi ne sauran biyun za su yi ta zubarwa don ba zai iya cin su da shi ba. In kana da yaku, ka yi shiru ka jira a kan irin wannan dutsen. Ko 5 ne zai fito, domin ba kai suke kallo ba. Da ka yi rici a nan ka tona kanka, sun koma neman abin da zai tsallake ku biyu. Wannan na daga wuraren da nake barin ƙarin maki da gangan.

Akasin garkuwa shi ne hadaka tanki, tanki tsirara: ka kira sau huɗu, dutse ɗaya ya rage a hannunka. Kowa na ganin ƙungiyoyinka, kowa ya san kana tempai, kuma in wani ya yi rici ba ka da abin rushewa, cikin biyu dole ka yar da ɗaya. Duk sanda ka canza ma ana gani, kuma dutsen da ka fitar yana ba da labarin wanda ka riƙe. Kafin kira na huɗu ka tsaya ka duba, sau da yawa jiran tagwaye biyu da kake da shi ya fi abin da za ka koma. Ba na shiga sai hannun yana da tsada ko ina neman rufe wasa. A can ɗaya ƙarshen kuma akwai suanko tanki, 'yan uku huɗu a ɓoye da dutse ɗaya a tsaye. Shi ne kaɗai siffar suanko da ake ci daga yarwar wani a matsayin yakuman, wato hannu mafi tsada, 32,000, ko 48,000 ga oya. A Mahjong Soul ninki biyu ake lissafa shi, a Tenhou, wani dandalin majong na intanet, guda. In Allah ya nuna maka shi, kada ka yi rici, ba abin da zai ƙara maka. Ka yi shiru ka bi dutsen da ya fi saurin fita.

Dutsen da ka saki ya fito

Yanzu ga na ukun. Wani ɓangare nasa gaskiya ne kuma yana da dalili: idan ka yar da dutse ya wuce lafiya, ka sanar da teburi cewa ba ka cin kowa da shi, sai waɗanda ke riƙe da irinsa su bi bayanka. Da ka riƙe shi, mai yiwuwa da ba su sake shi ba. Wato fitowarsa bayan ka yar ba hujja ba ce cewa da ka jira da ka ci. Ɗaya ɓangaren kuma tuni ne. Ranar da ka canza ka ci, ba ka komawa ka duba ko tsohon dutsen ya fito, ranar da ka canza ya fito kuwa har ka kwanta kana jin zafinta. Abin da nake ba masu koyo shawara shi ne su buɗe maimaicin wasa bayan an gama, inda ake ganin hannun kowa, su duba ina duwatsun da suka jira suke a lokacin da suka yanke shawara. In ka yi haka sau ashirin za ka ga da idonka yawan lokutan da 4, 5 da 6 suke riga sun shige hannun mutane.

Duk wannan a kan teburin mutum huɗu nake magana, irin na intanet mai jan 5, inda mafi yawan wasana yake. Yana kuma dogara da cewa abokan wasanka suna kare kansu. A ƙananan ɗakuna, inda mutane ke tura komai ba sa kallon rici, tarkon suji ba ya ƙara maka abu mai yawa, don ba wanda ke karanta koginka. Abin da ya rage shi ne dutsen da ba sa buƙata, kuma nan ma dutsen rubutu da na gefe ne ke gaba. A wasan mutum uku kuwa duwatsu 108 ne, an cire 2 zuwa 8 na man, Arewa ana ajiye ta gefe a matsayin dora, saboda haka ba za ka dogara da ita yadda na faɗa ba, sai dai 1 da 9 na man su ne suka zama kamar iska.

Hannunka na shekaranjiya, da ni ne a kujerar, 5 na pin zan kwantar a gicciye in yi rici a kan Yamma. Abu biyu ne kawai za su sa in sake tunani: in 5 ɗin dora ne, ko in wani ya riga ni yin rici kuma 5 na pin bai wuce a kansa ba. A na biyun zan yar da Yamma, in riƙe 5, in yi shiru.